Mutumin da Ya Tafi Yaƙi da Sunan Babana

Ana sallame sallar asuba muka bar gida, ni da wani ɗan kasuwa abokin yayana da ya saba zuwa Masar sarin jallabiyoyi da littattafai. Tun da na dawo kuke damuna in ba ku labarin Alƙahira. Wasu na tambayar dalar Fir'auna, wasu na tambayar ko da gaske ne ruwan Nilu na ƙara wa mutum ƙiba. To ga labarin, amma ku sani ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Aike ne, kuma aiken da ban so ba.

Bari in fara da abin da ya tayar da tafiyar. Babana ya kwanta ciwo tun kafin saukar damina. Ana nan sai wani malami ɗan garinmu, wanda ya shekara tara yana karatu a Alƙahira da iyalinsa, ya zo hutu, ya shigo gaishe shi. Cikin raha ya ce ai akwai takwaran Baba a can, wani tsoho mai gadin gida, sunansa Mahamman Garba, kuma abin mamaki har sunan gari ɗaya ne a takardarsa. Mu muka yi dariya. Baba bai yi ba. Da malamin ya fita sai Baba ya sa aka kori kowa daga ɗakin, ya bar ni ni kaɗai.

Abin da ya faɗa mini ke nan. Shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce, da yaƙin Turawa ya tashi, kwamandan Faransa ya aiko kowane mai gari ya ba da samari, kuma ya ce lalle ɗan mai gari na cikinsa ya shiga sahun gaba don talakawa su gani. Kakana Garba ne mai gari. Aka rubuta sunan Baba a takarda. Ranar da motar soja ta zo, kakana ya ɓoye Baba cikin rumbun gero, ya kama ɗan wata mata da ke yi wa gidanmu dakau, ya zura masa rigar Baba, ya tura shi gaban kwamanda. Kwamandan bai iya bambanta fuskar baƙin mutum ɗaya da ɗaya ba, da aka kira Mahamman Garba aka zunguri yaron ya amsa. Kwana uku Baba ya yi a rumbu. Wancan kuwa ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba, kowa ya ɗauka ya mutu.

"Ka tahi ka nemo min gafararshi," in ji Baba. "Ba ni son in cika da wanga abu bisa kaina."

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shekara goma sha shida ina koya wa yara sunayen kogunan Faransa, amma ban san abin da ke binne a rumbun gidanmu ba. Na ji haushin Baba, na ji tausayinsa, na kuma ji haushin kaina da nake tausayinsa. Aka haɗa mini kaya: babbar riga fara aikin hannu, hula, ƙwaryar goro, daddawa, kuka da kilishi. Baba ya ce in gaya wa mutumin idan yana son komawa gida akwai gona da ɗaki suna jiransa.

Daga Maraɗi muka shiga wata fijo mai ɗaukar mutum bakwai, direba ya cusa mu tara. Hanya ta yi kyau har bakin iyaka, gero ya kai ƙugu hagu da dama. A iyaka ne na fara cika da fushi. Wannan gefe jandarma ya karɓi fasfona yana yi mini Faransanci, taku ɗari gaba ɗan sanda ya karɓa yana yi mini Ingilishi, kuma su biyun da suka zo kan maganar na goro sai suka koma Hausa tsantsa. Abokin tafiyata ya ce in daina ɓata rai, haka Allah ya tsara. Na ce ba Allah ba ne, wasu Turawa ne biyu da fensir. Ya ce in yi shiru kafin a sauke mana kaya.

Mun wuce Katsina da hantsi, muka isa Kano bayan azahar. Kwana biyu muka yi muna jiran jirgi. Kano ta yi tsada, farantin shinkafa da nama yanka biyu sai da na ba da naira guda, ni kuwa ina ta juya kuɗin a kaina zuwa sefa ina jin zafi. A filin jirgi an ce ƙarfe goma, ba mu tashi ba sai la'asar. Wannan ne hawana na farko, kuma ba zan ɓoye muku ba, duk addu'ar da na haddace tun ina yaro sai da na karanto ta, har da ta shiga kasuwa. Ta taga ba abin da ake gani sai rairayi. Na riƙa tunanin yaron da aka zura wa rigar Baba, shi kam ba a jirgin sama ya tafi ba.

Malamin nan ɗan garinmu, wanda ya riga mu komawa, shi ya tarye mu ya kai mu gidansa a Hayyus Sabi'i, unguwar da ɗalibanmu suka fi yawa. Benaye ne dogaye iri ɗaya, sai rairayi tsakaninsu, idan ka fita sayen gurasa ba ka ƙirga ƙofofi ba ka ɓata. Ɗaliban Nijar da na Najeriya suna zaune huɗu huɗu, biyar biyar a gida ɗaya, Hausarsu ta cika da Larabcin Masar, yalla da tamam da halas, wato shi ke nan. Da suka ji akwai daddawa a jakata sai aka fara zuwa gaishe ni layi layi. Na ce ba tawa ba ce, aike ce. Wani ya ce in bari ya sansana kawai.

Abincinsu wake ne safe da rana. Da safe wake dafaffe da mai da lemun tsami, suna ce masa ful, sai wani ƙosai kore da suke kira ɗa'amiyya, wanda in matata ta soya irinsa sai na tambaye ta lafiya. Akwai kushari, shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake an zuba a kwano ɗaya. Miyar da suke alfahari da ita kuwa, mulukiyya, lalonmu ne na bayan gida aka cika wa tafarnuwa. Gurasa ce kaɗai na yaba, ƙirshi ɗaya ake ba ka guda da zafinta, talaka ba ya kwana da yunwa. Motocin bas kuwa ba sa tsayawa, rage gudu kawai suke yi, mutane na maƙale a ƙofa da taga. Kowane direba hannunsa na kan ham. Idan an taka ka a ce ma'alesh, wato yi haƙuri, idan an zalunce ka ma a ce ma'alesh.

Zan faɗi gaskiya a kan kaina. Kwana uku na yi ina kauce wa aiken. Na bi abokin tafiyata kasuwa ina taya shi cinikin jallabiya, na je na ga dalar Fir'auna, tulin duwatsu ne masu girma da masu raƙuma da ba sa barin mutum ya yi kallo cikin kwanciyar hankali. A rana ta huɗu malamin ya dube ni, ya kira ni da laƙabin da ake yi wa malaman lakwal, ya ce, "Mushe, tsohonka fa ba lafiya gare shi ba." Na ji kunya, na ɗauki jaka.

Muka hau tasi zuwa Zamalik, inda malamin ya taɓa haɗuwa da tsohon. Tsibiri ne a tsakiyar kogi, unguwar jakadu da manya. Itatuwa sun rufe titi, tutoci a ƙofofin gidaje, ba ka jin hayaniya. Kowane bene da mai gadinsa a kan benci, bawwabi suke ce masa, shi ke share matakala, ya wanke motoci, ya haura da kayan cefane. A benen da muke nema wani muka tarar, baƙi dogo daga kudancin Masar. Ya ce Ammu Muhammad, haka suke kiran tsohon, ya bar aiki tun bara, ƙafa ta hana shi hawa da kaya, masu gida suka sallame shi bayan shekara ashirin da wani abu. Ya koma wurin 'yarsa a Hada'iƙul Ma'adi. Ya zana mana hanya a bayan kwalin taba.

Jirgin ƙasa muka shiga, a tsaye, fuskata a hammatar wani. Hada'iƙ ba ruwanta da Zamalik. Lunguna ne matsattsu, benayen jan bulo ba yaɓe, ruwan kwata na gudu a tsakiyar hanya, shanya ta rataya daga wannan taga zuwa waccan. Baƙaƙen fata da yawa, 'yan Sudan da 'yan Habasha. Sai da muka tambayi mutum biyar. Hawa biyar muka yi a kan matakala mai duhu, har can rufin bene, inda aka gina ɗakuna biyu tsakanin akurkin kaji da na tantabaru.

Wata mata mai kimanin shekara talatin ta buɗe mana. Ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Da malamin ya gaya mata sunana da sunan mahaifina sai ta riƙe baki, ta yi dariya, ta ce ashe tana da ɗan'uwa ba ta sani ba. A takarda ni da ita uba ɗaya muke.

Tsohon na zaune kan tabarma yana gyaran risho. Siriri ne, gashinsa fari fat, tsagar Gobirawa a kumatunsa irin tawa. Ƙafarsa ta hagu rabi ce, ba yatsu. Na yi sallama da Hausa. Ya ɗago ya daɗe yana kallona kafin ya amsa, da irin Hausar da rabona da ji tun kakata na da rai. Bai tambayi ko ni wane ne ba. Ya ce, "Goshin Garba ne wanga. Kai jikanshi ne."

'Yar ta kawo kujera ɗaya tak da suke da ita. Ni kuwa na zauna. Ban yi tunani ba, wallahi ban yi ba. Malamin ya sauka kan tabarma, ni na hakimce a kujera, tsoho sa'an ubana yana ƙasa yana ɗaga kai yana kallona. Haka aka tashe mu a gidanmu, ɗan gida a sama, sauran mutane a ƙasa, har jiki ya saba ba ya neman shawarar hankali. Sai da na ga ya dubi ƙafafun kujerar ya yi ɗan murmushi sannan na gane, amma sauka a lokacin ya fi zaman muni.

Na buɗe jaka na jera kaya a gabansa, riga, hula, goro, daddawa. Na yi jawabin da na shirya tun a jirgi. Na ce Baba na gaishe shi, Baba ba lafiya, Baba ya ce abin da ya faru ya faru, ana neman gafara, kuma akwai gona da ɗaki. Da nake magana ni kaina na ji yadda take fita, kamar mai gari na raba wa talakawa kayan salla. Bai taɓa rigar ba. Daddawar ya ɗauka, ya kwance ƙullin, ya kai hanci, ya rufe ido. Ya daɗe a haka.

Aka kawo shayi. Ya ce tun da na zo daga nisa, bari ya gaya mini inda sunan ubana ya je.

An kwashe su a mota zuwa kudu, aka sa su a jirgin ruwa, amai ya kusa kashe shi. Bayan horo aka sauke su a ƙasar Sham, wadda a lokacin take hannun Faransa. Ya ce shi bai san ana rigima a kanta ba, gadi kawai suke yi suna cin gurasa da zaitun. Sai aka ce Jamus ta shiga Faransa, Faransawa sun rabu biyu, kuma Ingilishi na tahowa daga Falasɗinu su ƙwace Sham. Aka jera su a kan wani dutse, aka ce su tare hanya.

"Ni ban san Ingilishi ba, ban san abin da sunka yi min ba," in ji shi. "Anka ce harba, munka harba. Rana ta ukku da igwa ta yi shiru, sai na ji wani can ƙetaren kwari yana kuka yana kiran innarshi. Da Hausa, ɗana. Su ma da baƙaƙensu sunka zo."

Wata guda da 'yan kwanaki aka yi, Ingilishi suka cinye ƙasar. Shi bai ga ƙarshen ba, ɓarɓashin igwa ya riga ya tafi da rabin ƙafarsa. Sojan Ingila suka tsince shi, suka ɗauki lambar ƙarfen da ke hannunsa suka rubuta Mahamman Garba. Daga asibiti zuwa asibiti har Masar. Manyan sojan Faransa da aka ci da yaƙi, in ji shi, an zauna da su an sha shayi, aka ba su jirgin ruwa suka koma gida da kayansu da matansu. Shi da ya warke ba wanda ya neme shi. Wannan ofis a ce shi na Faransa ne, wancan a ce ai Faransar da ya yi wa yaƙi ba ita ce ta yanzu ba. Ya yi wankin kwanoni a barikin Ingilishi, mutanen da suka cire masa ƙafa, har suka tafi. Daga nan ya gangaro Alƙahira ya kama gadi, ya auri wata baiwar Allah da ta rasu shekara shida da suka wuce.

Na tambaye shi me ya hana shi aikowa gida. Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. Ya ce sau uku ya sa aka rubuta wa innarsa takarda, ya ba alhazai masu bi ta ƙasa. To amma takarda daga Mahamman Garba zuwa garinmu, hannun wa za ta faɗa? Na tuna akwatin ƙarfen kakana da ba a bari kowa ya buɗe, na sunkuyar da kai. Ya tambayi innarsa. Na ce ta rasu ina ƙarami, na san ta, takan ba ni gumba idan tana daka. Ya tambaya wa ya yi mata sutura. Na ce gidanmu. Ya ce, "To, madalla," da wata irin murya da na gwammace ya zage ni.

Tantabaru na ta kuka a bayanmu. Sai ya tura rigar gabana da yatsa ɗaya.

"Riga kam an taɓa ba ni a gidanku," ya ce. "Halas, ta ishe ni. Ka ce gafara yake so?"

Na ce e, Baba.

"Gafarar wa?"

Na ce taka.

"Ni wa? Mi sunana?"

Na buɗe baki zan ce Mahamman, na rufe. Na lalubi duk maganar da muka yi da Baba a ɗakin nan. Ɗan mai dakau ya ce, tun daga farko har ƙarshe, ɗan mai dakau. Ita kanta uwar, da na ci gumbarta, Mai Dakau muke ce mata, ban taɓa jin wani suna ba. Haka ake yi a gidanmu. Mai kiwon doki shi ne Na-doki, mai wanki ita ce Mai Wanki, 'ya'yansu kuma ɗan wane da 'yar wance. Na yi tafiyar kwana da kwanaki, na hau jirgi, na ɗauko riga mai tsada, ban taɓa tunanin in tambaya ba.

"Bai hwaɗa maka ba," in ji tsohon. Ba tambaya yake ba.

Malamin ya sa baki, ya jawo aya da hadisi kan falalar yafiya. Tsohon ya saurare shi har ya gama, ya ce sadaƙallahu, duk ya sani. Sannan ya juyo gare ni.

"Shekara arba'in ina amsa sunanshi. Da shi anka harbe ni, da shi anka ɗaura min aure, da shi ɗiyata ke zuwa asibiti, da shi za a bizne ni. Ni na riƙe nashi ban yar ba ko rana ɗaya. Tare munka yi wasan langa da shi, tare anka yi muna kaciya. Ka koma ka ce mishi ya hwaɗi nawa. Shi da kanshi, ba ya aika a tambayo ba. In ya tuna, na yahe mishi duniya da lahira."

Na roƙe shi ya gaya mini, ko a kunne, in je da shi. Na ce tsohon ba shi da sauran kwana da yawa. Ya ce shi ma haka. Ya karɓi daddawa da kuka da goro biyar, ya ce waɗannan na ƙasa ne, ba na gidanmu ba. Rigar da hular na mayar jaka. 'Yar ta rako mu har bakin matakala tana cewa in gaida babanmu.

Kwana biyu da suka rage ban san yadda suka wuce ba. Abokin tafiyata ya cika buhunansa, ya ɗora mini rabi a kan nauyin kayana. A jirgi ya ba ni shawara, kuma na san da zuciya ɗaya ya ba ni: in je in ce wa tsoho an yafe, ya cika cikin salama, wa zai sani? Daga Alƙahira har Kano ina juya maganar. Daga Kano har Jibiya na yanke zan yi ƙaryar. A iyaka aka sauke mana kaya kaf, jandarma ya ɗaga babbar rigar ya ce sabuwa ce sai na biya, na ce da ita na fita, ya ce wa ke kai riga Masar ya dawo da ita.

Na iso gida da yamma. Baba ya rame ya zama ƙashi. Ya ga rigar a hannuna kafin in zauna, sai ƙaryar ta maƙale mini. Ya ce, "Ya yahe?"

Na ce, "Baba, mi sunanshi?"

Ya ce, "Ɗan mai dakau mana."

Na ce sunan yanka, ko wanda innarsa ke kiransa da shi. Na gaya masa sharaɗin. Ya kafa wa rufin ɗaki ido, leɓɓansa na motsi. Ya ce Tanko, ya ce a'a. Ya ce Ɗan Jimma, ya ce a'a, wancan ɗan maƙera ne. Ya tuna sunan dokin kakana, ya tuna sunan kwamandan da ya zo da mota. Har aka kira magariba yana nema. Daga ƙarshe hawaye suka gangaro masa ta gefen ido zuwa kunne, ya ce, "Ban riƙe ba." Ban taɓa ganin ubana yana kuka ba sai ran nan, kuma ban lallashe shi ba.

Washegari na shiga gari tambaya. Ban wahala ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Kafin azahar an nuna mini wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli a bayan kasuwa, 'yar ƙanwar uwarsa. Ina cewa ɗan mai dakau da aka kai soja sai ta saki faifai ta ce, "Nomau? Nomau na da rai?" Taku ɗari biyu ne daga ƙofar gidanmu.

Na kai wa Baba sunan. Ya maimaita shi ya fi sau goma. Na ce me zan rubuta. Na zaci zai ce in rubuta ya tuna, kuma da ya ce haka ban san abin da zan yi ba. Sai ya ce in rubuta gaskiya: zuwa ga Nomau, ban tuna ba, gaya mini aka yi, duk da haka ina roƙo. Na ba wani ɗalibi mai komawa takardar ya kai wa malamin.

Baba ya cika kwana goma sha tara bayan haka. Kullum sai ya tambaya ko an ji daga Masar. Amsar malamin ta iso bayan mun yi sadakar uku. Ya ce ya hau rufin benen ya karanta wa tsohon, da ya zo kan sunan sai tsohon ya ce ya sake, ya sake, har sau uku. Ya tambaye shi me zai rubuto. Tsohon ya ce, "Ka ce na ji." Iyakar abin da ya ce ke nan.

To, masu tambayar Alƙahira, kun ji abin da na je na gano. Turawa biyu sun yi faɗa kan ƙasar da ba ta ɗayansu ba, wanda ya ci da wanda aka ci duk sun koma gida, rabin ƙafar Nomau na can kan dutse. Na daɗe ina zagin Faransa a majalisa kuna tafa mini, kuma har gobe zan zaga. Amma kwamanda baƙo ne, bai san mu ba. Mu da muka san shi mu muka zura masa riga.

Shekaranjiya da safe mai kawo mana ruwa ya shigo da garwa biyu a kafaɗa. Shekara goma sha ɗaya yana shigowa gidana kullum, Ga-ruwa muke ce masa, ni da matata da yarana. Na tare shi a zaure na ce ya gaya mini sunansa. Ya sauke garewanin a hankali, ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, wani laifi na yi?"